Jan Rubutun Duktura Ghada

Bani Malik, Jidda
Lahadi, 2 ga Nuwamba

Assalamu alaikum Hedimasta Azumi, taubashiyata ta kaina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki? Ki daina ɗora laifi kan sanyi, tsufa ne, ki karɓa. Ni dai alhamdu lillahi, likita ya auna sukarina yace tunda ya fara aiki bai taɓa ganin jini irin nawa ba. Zaituna matata na gaisheki. 'Yarki Ummukulthum ma lafiya lau, tayi ƙiba a gidana, duk da ta hanani sukari a shayi.

Tunda kince in daina turo miki murya, wai minti ashirin nake zuba kuma kunnenki baya ɗauka, to ga takarda. Kinsan makarantar larabawa nayi, bokon tsintarsa nayi a hanya, ki karanta da haƙuri.

Maganar Ummu ce. A jami'arsu yanzu ba'a kaima malami takarda a hannu. Kowace ɗaliba tanada abinda suke cema malaf, yani jaka ce amma a cikin na'ura take. Duk abinda ka rubuta ka jefa ciki, malama ta buɗe daga inda take ta rubuta maka magana a gefe da ja, ka gyara ka sake jefawa, ta sake ja. Wai hakan yafi, ɗalibi baya jira sai ƙarshen shekara kafin yasan inda ya kauce. Tun bara Ummu take wani babban bincike kan abincin masu ciwon sukari cikin matanmu na nan. Ni na dinga kaita a motata daga Bani Malik har Khumra tana tambayar tsofaffi me suke ci. Rabin basirar ma tawa ce, amma bance a sa sunana ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta bar aifad ɗinta, na'urar da take karatu da ita, a falo ta shiga taya Zaituna girki. Na ɗauka in kalli ƙwallo, sai ga malaf a buɗe. Azumi, ja ne kamar an yanka rago a kai. Wata Duktura Ghada ce. Ji abinda take rubutama 'yarki: «Mata tara basu isa kice duk matan Jidda ba.» «Ina kika samo wannan adadin?» «Sake rubutawa.» Wani wurin sau huɗu tana maido da shafi ɗaya. Wannan ai ba koyarwa bace, neman mutum ne. Ni nasan irinsu, taga baƙar yarinya tafi 'ya'yansu ƙwaƙwalwa.

Nan take na sulale da aifad ɗin zuwa maktabar kusa da shagona inda ake buga takardu, na sa aka buga mini waɗanda jan yafi yawa, shafi arba'in da ɗaya. Hajiya Rabi'a da tazo umra zata kawo miki su tare da wannan wasiƙa da dabino da turare, sabon haɗina ne, wani balarabe ya bini har mota yana roƙo na hanashi. Ki gani da idonki.

Shekara talatin ina haɗa turare. In haɗi ya ɓaci bayan shago nake zubarwa, mai saye baya ganin komai sai kwalbar da ta fito ras. Su kuma sun tara ma yarinya kurakuranta wuri ɗaya kowa ya buɗe yayi dariya. Aikinta na ƙarshe da ta saka makon nan ko ɗigon ja babu.

Ki kwantar da hankalinki, na ɗau mataki. Kar ki tambaya, aikin maza ne.

Naki, Muktar Maiturare, wanda babu kamarsa a Bani Malik.

*

Funtuwa
Litinin, 17 ga Nuwamba

Muktari, wa alaikas salam.

Hajiya Rabi'a ta iso lafiya, ta kawo saƙo duka. Na gode. Turaren na sa ɗigo ɗaya na je suna, yau kwana biyar mayafin bai huce ba, akuyata ma ta daina zuwa kusa da ni. Gwiwa da sauƙi. Likitan da ya ce bai taɓa ganin jini irin naka ba, ka koma ka tambaye shi ko yabo yake yi ko tsoro. Ka gaishe da Zaituna. Wannan takardar hotonta zan sa a ɗauka a turo maka ta waya, kai ma ka riƙa yin haka.

Takardun na gani. Larabcina na sallah ne, ban iya karanta su ba, amma kwanan wata na saman kowane shafi da lambobi yake, sai na jera su daga na fari zuwa na ƙarshe a kan tabarma. Na farko ja ya fi baƙi yawa. Na tsakiya sun yi kusan daidai. Na ƙarshe layi biyu ne ko uku. Ni abin da na gani ke nan, yarinya tana tafiya gaba, kuma akwai mai riƙe da hannunta.

Shekara talatin da ɗaya na yi da jan biro, Muktari. Yaron da na fid da rai da shi alama ɗaya nake yi masa in wuce. Wanda nake ganin zai yi nisa, shi nake cika wa littafi har ya ji haushina. Matar da ta zauna ta karanta shafi ɗaya sau huɗu ba maƙiyiya ba ce.

Yanzu ka amsa mini. Ummu ta san ka fita da na'urarta? Kuma wane mataki ka ɗauka? Na karanta layin nan ya fi sau goma. Na san ka tun muna yara, ranar da ka ce ka ɗauki mataki kan karen maƙwabta, kajin Inna ne suka mutu. Idan zuwa ka yi ka tsare matar nan da surutu, ka faɗa mini tun da wuri in san yadda zan ba ta haƙuri. Ummu a shekarar ƙarshe take, kuma da tallafin karatu take zaune a ƙasar nan. Ba ta da wurin yin kuskure, balle kuskuren wani.

Na tambaye ta, ta ce komai lafiya, ta fara horon asibiti na mako biyar, ba ta ma da lokacin buɗe jakar. Ban ce mata ka turo mini komai ba.

Ina jiran amsa.

Azumi

*

Bani Malik
Lahadi, 7 ga Disamba

Salamu alaikum Hedimasta.

Ya gida ya gwiwa? Ki gaida akuyar, batasan kaya masu tsada bane. Na jima ban rubuto ba, shago ne ya cika, masu umra har layi suke. Mu lafiya, sai dai akwai 'yar mushkila. Ki zauna kafin ki karanta.

Duktura Ghada ta tafi hutun haihuwa, aka kawo wata sabuwa ta bada maki. Ashe a tsarinsu ba aikin ƙarshe kaɗai ake dubawa ba, wai sai anga hanyar da aka bi aka kai can, tun daga rubutun farko mai kurakurai. Kinji wani tsari. To sabuwar ta buɗe malaf ɗin Ummu bata samu komai ba sai aikin ƙarshe shi kaɗai, tsaf, kamar daga sama ya faɗo. Na baya duk babu, jan rubutun ma ya tafi dasu. Tace yarinyar da bata taɓa kuskure ba ko dai mala'ika ce ko saye tayi.

An tambayi masu kula da na'ura, sukace an goge ne daga cikin asusunta, kuma abinda aka jefa kwandon shara in ya wuce kwana talatin shikenan, baya dawowa. An kira Duktura Ghada a waya tace tasan yarinyar da ƙoƙari, amma ɗalibai casa'in gareta, lajna kuma, yani kwamitin binciken jami'a, ba da baki take aiki ba, takarda take so. Lajnar zata zauna Talata 23 ga wata. In suka yanke cewa saye tayi, maki sifiri, tallafi ya tsaya, iƙamarta kuma, yani takardar zama a ƙasar, a kan tallafin take. Yani sai gida, ba takardar shahadar gama karatu.

Amma kar ki damu, ina kan bincike, kuma kinsan ni, ɗan sanda uku ne a jikina. Akwai wata ƙawarta Dalal, 'yar unguwar Abhur, kullum tana gidan nan wai karatu suke. Yarinyar nan dariyarta tayi yawa. Duk mai dariya haka akwai abinda yake ɓoyewa. Kuma ajinsu ɗaya, in Ummu ta faɗi wa zai hau? Na lura tana kallon aifad ɗin wani irin kallo.

Ummu bata cin abinci sosai. Nace mata Kawu na nan, ba abinda zai faru. Ta dubeni kawai ta tashi. Yaran yanzu.

Ki yi mana addu'a, sauran aikin nawa ne.

Maiturare

*

Funtuwa
Talata, 9 ga Disamba

Muktari,

Lafiya muke. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Kwana ashirin ka yi shiru, ka dawo da shafi guda, kuma tambayoyina biyu ko ɗaya ba ka taɓa ba. Na lura.

Ga yadda nake gani. Ka ce ka ɗauki mataki kan Duktura. Bayan nan Duktura ta bar wurin, aikin yarinya ya ɓace. Hutun haihuwar nan kai ka gan shi ko faɗa maka aka yi? Ina zargin ka je ka ci mutuncin matar nan, ko ka kai ƙararta, ita ko wani nata ya rama a kan 'yata. Idan haka ne ka faɗa, tun da sauran kwana goma sha huɗu.

Idan kuma ba haka ba ne, to akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Ummu ba ta gaya mini komai ba. Sai daga wurinka na ji. Na tura mata saƙo jiya, ta amsa da kalma uku: «Mama ki bari.» Yarinyar da aka zalunta ihu take yi. Wadda ta yi shiru fa? Ban so in rubuta wannan ba, amma na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya gaji a gab da ƙarshe ya nemi gajeriyar hanya. Kana gidan. Akwai wanda yake rubuta mata? Ka taɓa ganin ta karɓi aiki daga hannun wani?

'Yar mutanen da kake zargi, ka ƙyale ta sai kana da abin nunawa. Dariya ba laifi ba ce, in da laifi ce da tuni kana kurkuku.

Ka amsa yau.

Azumi

*

Bani Malik
Alhamis, 11 ga Disamba

Hedimasta, salam. Muna lafiya, sukari ya ɗan hau amma na tsorata shi ya sauka.

Wallahi tallahi ban taɓa ganin Duktura Ghada ba. Ban kirata ba, ban kai ƙararta ba, ko hanyar gidanta ban sani ba. Ki kawo Alƙur'ani in dafa. Haihuwa kuwa gaskiya ce, namiji ta samu, Dalal ce ma ta faɗa. Kinga kin zargeni a banza, kuma na yafe miki don girman zuciyata.

Maganar Ummu kuwa, haba Azumi. Yarinyar da na gani da idona zaune a ƙasa gidan wata tsohuwa a Khumra tana auna tuwo da cokali? Ba wanda ya rubuta mata ko harafi. Ki cire wannan a ranki.

Dalal ce. Jiya tazo na tsayar da ita a bakin ƙofa nace Ummu bata nan. Ummu ta jiyo daga ciki ta fito, Dalal ta riga ta juya. Tace mini, Kawu me tayi maka? Nace bincike ne. Tace, Kawu don Allah ka daina binciken nan. Ta shiga ɗaki. Zaituna kuma tun jiya kallona take kamar na ci mata bashin gaisuwa, mata dai.

Ni laifin ma na masu ƙera abin nake gani. Ace aikin shekara guda, hoton kwandon shara na nan a gefe ba murfi ba makulli? Gargaɗin ma da yake fitowa wani ɗan rubutu ne ƙanƙani, toka-toka, sai mai tabarau zai gani, kuma sau ɗaya yake tambayarka. Kowa zai iya dannawa da kyakkyawar niyya. Da ni na ƙera da sai ya tambaya sau uku.

Matakin da kike ta tambaya, ai wannan tsohon zance ne, ya wuce. Yanzu lajna ce a gabanmu. Inada wani abokin ciniki da ɗan'uwansa ya san wani babba, magana ɗaya zanyi.

Yalla sai na jiki.

Maiturare

*

Funtuwa
Juma'a, 19 ga Disamba

Muktari,

Ina fatan kana lafiya, don ina son ka kai Talata da ƙafarka.

Na yi shiru kwana takwas ne saboda ina aiki. Na karanta wasiƙarka ta ƙarshe, na tsaya a wuri ɗaya. Mutumin da bai san komai ba, ya aka yi ya san launin rubutun gargaɗin, ya san sau nawa yake tambaya? Kuma wa ya yi maganar kyakkyawar niyya? Kai kaɗai.

Na kwashi takardun nan arba'in da ɗaya na kai wa Malama Sadiyya mai koyar da Larabci a makarantar 'yan mata. Kwana biyu muka yi tana karanta mini. Ka tsallake wasu layukan da ka kawo mini rahoto. A shafi na talatin da shida Duktura ta rubuta: «Yanzu kin fara tunani kamar mai bincike.» Da ja ta rubuta shi. Sadiyya ta kuma nuna mini ƙasan kowane shafi, inda injin maktaba ya buga ranar da aka fitar da shi: 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da minti goma.

Sai na tambayi Ummu abu ɗaya, ranar da masu na'ura suka ce an goge. Ta ce 30 ga Oktoba, biyar saura kwata.

Ka san abin da ya fi ba ni kunya? Ta sani. Tun ranar da aka gaya mata lokacin ta sani, don ta tuna tana kicin tana yanka albasa, kuma mutum ɗaya ta ba lambar buɗe na'urar saboda ƙwallo. Ta yi shiru ne don shekara huɗu tana cin abincin gidanka, kuma kai ka kai ta Khumra sau goma sha wani abu. Ta shirya ta gaya wa lajna ita ta goge da kuskure. Sabuwar malamar tasu ta riga ta ce mata wannan amsar ba za ta shiga ba, wanda ya san dokar jakar ba ya goge shekara guda da kuskure, sai in akwai abin da yake ɓoyewa. Ni kuma uwarta na zauna a nan ina zarginta da saye. Na ba ta haƙuri. Kai ka sa ni.

Hotunan takardun duka na tura mata, Sadiyya ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ma san suna duniya ba, ta yi kuka. Za su nuna aikin nata ne. Amma ba za su faɗi wanda ya goge ba, kuma wannan ce tambayar da za a yi mata.

Ba na son abokin cinikinka, ba na son ɗan'uwansa. Kai nake so ka je. Kafin nan ka nemi Dalal.

Na san ba mugunta ka yi ba. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da kai.

Azumi

*

Bani Malik
Talata, 23 ga Disamba

Yaya Azumi, assalamu alaikum.

Lafiya lau. Sukarin ya hau, wannan karon bai ji tsorona ba.

Ni ne. Na dawo daga maktaba, na zauna a mota a ƙofar gida, na bi su ɗaya ɗaya na zuba a kwando. Na bar mata mai kyan. Har ina jin daɗi, nace na wanke ma yarinya fuska. Da abin ya fashe na so in faɗa, bakina yaƙi. Wasiƙarki ta Juma'a sau ɗaya na karanta na baima Zaituna, tace ita tun ranar da na tare Dalal ta gane, jira take taga iya inda zan kai.

Asabar naje Abhur. Uban Dalal ya fito, nace laifi nazo bayarwa haƙuri ba turare nazo sayarwa ba. Yarinyar tayi dariya. Dariyarta ce kawai ashe.

Yau na sa farar tobina sabuwa, doguwar rigar larabawa, na zuba haɗin da nake ɓoyo na manyan baƙi. Muka isa jami'ar, ashe namiji baya shiga ɓangaren mata. Aka sani wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa, kujera ɗaya da lasifika, su suna ciki. Duk turaren nan bango ne ya shaƙa.

Wata murya tace wanene kai. Na buɗe baki zan fara daga shekara talatin a kasuwa, sai naji Ummu tayi tari a ciki. Nace ni kawunta ne, ni na goge. Tace don me. Nace naga ja yayi yawa na ɗauka wulaƙanci ne, mu a sana'armu ba'a nuna ma mutane haɗin da ya ɓaci. Wata tace, to in haɗi ya ɓaci ya kake sanin abinda zaka canza a na gaba? Nace ina tunawa. Tace in ɗalibinka ne fa ya haɗa? Banda amsa, Yaya. Ki rubuta ranar, bai taɓa faruwa ba.

Suka ƙi yarda da bakina kawai. Suka ce in faɗi abinda na gani a ciki. Na karanto musu maganar mata tara, da shafin da aka maido sau huɗu, har inda akace ina kika samo adadin. Suka duba hotunanki, haka yake. Sannan suka riƙe Ummu awa ɗaya da rabi suna ɗaga shafi suna cewa me yasa kika canza nan, me Duktura take nufi a can. Ina ji ta lasifika, sun manta basu kashe ba. Ko ɗaya bata faɗi ba.

Sun wanketa. Tallafi na nan, zata gama da 'yan ajinsu. Amma shafi arba'in da ɗaya na buga cikin saba'in da wani abu, sauran sun tafi, don haka makin wannan ɓangaren bazai cika ba. Da ita ce ta ɗaya. Yanzu sai dai ta uku ko ta huɗu. An kuma rubuta mata gargaɗi kan bada lambar sirri. Wannan nawa ne, sunanta kawai yake ɗauke dashi.

A mota muna dawowa muka wuce gada. Sai tace, Kawu, da ka tambayeni. Nace na sani. Shikenan hirar.

Ta canza lambar. Ƙwallo a shagon maƙwabci nake kallo.

Muktar

*

Funtuwa
Juma'a, 26 ga Disamba

Muktari,

Alhamdu lillahi. Na yi magana da Ummu, ta ce ka yi abin da ya kamata, kuma ta ji muryarka tana rawa. Ta ce kar in gaya maka ta faɗa.

Ba zan ce komai ya wuce ba, matsayin nan ta yi masa wahala. Ka ba ta lokaci, kar ka bi ta da barkwanci.

Ƙanen Sadiyya zai zo umra mako mai zuwa. Na ba shi ainihin takardun ya kai wa Ummu. A cikin ambulan ɗin akwai naka, wasiƙarka ta farko ce. Na zauna da ita da jan birona. Rubutun ban taɓa ba, yadda ka iya ka yi. Wuraren da ba gaskiya ba na zagaye.

Ka tuna abin da na gaya maka kan yaran da nake cika wa littafi.

Gwiwa ta yi sauƙi. Ka gaishe da Zaituna da kyau.

Azumi

*

Bani Malik
Laraba, 7 ga Janairu

Hedimasta, salam. Muna lafiya.

Saƙo ya iso. Ummu ta jera takardun a jaka ta roba ta sa a akwatinta ta kulle, a gabana ta kulle.

Tawa kuma na ƙirga, zagaye goma sha ɗaya kikayi. Ina ƙara a kan biyu. Balaraben nan da gaske ya bini har mota, canjinsa na manta ban bashi ba. Kuma babu kamata a Bani Malik, ki tambayi kowa, har lajna zata shaida. Sauran tara na karɓa.

Na ɗauketa zan kai bayan shago inda nake zubar da haɗi. Na tsaya a can na jima. Yanzu tana cikin aljihun teburi, ƙarƙashin sikeli.

Jiya da safe Ummu ta kawo mini shayi da kanta, karo na farko tun ranar. Ba sukari. Na shanye.

Wannan ma in kin gama karantawa ki zagaye ki maido.

Naki, Maiturare